Ranar da Koci Tackett Bai Durƙusa Ba

Shekara talatin da ɗaya na yi ina riƙe sandar awon nisan da ƙwallo ta kai a gefen filin ƙwallon zari-ruga, wadda ake ɗauka da hannu, na Kwalejin Tull's Ferry, a kudancin Arkansas, kuma ashirin da shida daga ciki Orval Tackett ne kocinmu. Gajere ne kakkaura, kullum da wata koɗaɗɗiyar hula da matarsa Lorene ta yi ta ƙoƙarin jefarwa ta kasa. Ban taɓa jin ya yi ashar ba. In ransa ya ɓaci, sai ya cire hular ya leƙa cikinta kamar ya ajiye wani abu.

Abin da aka san shi da shi, durƙuso ne. In mun ba abokan wasa rata mai yawa, sai ya fitar da gwanayensa ya sa waɗanda suka gaji da ɗumama benci. In ya rage minti ɗaya, sai ya sa mai jefa ƙwallonmu ya karɓi ƙwallo ya sa gwiwa ɗaya a ƙasa har agogo ya cika. Wasu masu horarwa sukan yi haka in sun ga dama, shi kuwa bai taɓa fashi ba. A shagon aski ana tsokanarsa wai ya fi faston cocinmu yawan durƙusawa. Yakan ce yaran can ma iyayensu awa huɗu suka tuƙo mota don su kalle su, ba don a ci musu fuska ba.

Cikin duk yaran da ya horar, babu wanda ya shiga ransa kamar Wendell Pruitt. Wendell ya girma ya zama kocin Kwalejin Marlow Ridge, wata 'yar makaranta da ba ta cika cin wasa ba. Duk shekara, ana gobe za su kara, sai Wendell ya zo gidan Orval, Lorene ta soya musu tarwaɗa da burodin masara, su ci suna yi wa juna cika baki. Wendell har ya yi furfura, amma bai taɓa kiransa da wani suna ba sai Koci. A wurinmu wanda ya horar da kai Koci ne har kabari.

Sai aka yi wata shekara da muka ci wasa tara a jere. Jerin gwanayen ƙungiyoyi kuwa, wato wa ke na ɗaya wa ke na biyu, wasu mutane ne a manyan birane suke kaɗa masa ƙuri'a, mutanen da ba su san hanyar garinmu ba, sakamako kawai suke dubawa a jarida. Takwas na sama ne ke shiga gasar ƙarshe, mu kuma muna na tara. Orval yana da shekara sittin da uku, bai taɓa kai ƙungiya can ba. Wasanmu na ƙarshe da Marlow Ridge ne, kuma duk gari ya san waɗanda ke na takwas da ratar maki arba'in da biyu suka doke su.

Satin nan ba wanda bai sa wa Orval baki ba kan ya zarce wannan rata, daga shugaban kwaleji har mai gidan mai. Ni ma ba zan wanke kaina ba. Na tare shi a bakin coci na ce, "Koci, mutanen nan ba sa ganin kirki, lamba suke gani." Ya cire hularsa ya leƙa ciki. Har yau ina jin kunyar wannan magana.

Ranar Asabar da rana, saura daƙiƙa arba'in, muna da arba'in da biyar suna da bakwai, ƙwallo a hannunmu. Mu masu awo a gefen baƙi muke tsayawa, don haka ina dab da Wendell lokacin da ya ɗaga murya ga yaransa.

"Kada wanda ya taɓa kowa. Durƙusawa zai yi, na san shi."

Yaran suka miƙe suka saki jiki. Wani ya kwance igiyar hular kwanonsa, wani har ya fara miƙa wa namu hannu. Mai jefa ƙwallonmu ya karɓa, ya sunkuya kamar zai sa gwiwa, sai ya miƙe ya cilla ta can gaba, inda ɗaya daga cikin namu ya sulale ba kowa kusa da shi. Ya cafe ta ya kai ƙarshen fili, muka ƙara maki bakwai. Muka tashi hamsin da biyu da bakwai. 'Yan kallo suka fara ihu, ihun ya mutu a hanya.

A tsakiyar fili Wendell ya ba Orval hannu yadda aka saba, ya juya ya tafi. Ran Litinin muka hau na takwas. Muka je gasar, aka fitar da mu a wasan farko.

Da shekara ta zagayo, Lorene ta soya tarwaɗarta, Wendell bai zo ba. Orval ya ƙara shekara biyu yana horarwa, ya koma durƙusonsa, amma babu ƙungiyar da ta sake sakin jiki. Da yaronmu ya sunkuya sai su afko masa da ƙarfinsu, kuma ba mai ganin laifinsu. A shagon aski ma an daina tsokanar fasto.

Bayan shekara goma sha ɗaya, Lorene ta rasu, idon Orval kuma ya yi rauni, sai ya roƙe ni in tuƙa shi Marlow Ridge. Mun tarar da Wendell yana ban ruwa a lambunsa. Ya ajiye tiyo, ya goge hannu a wando, ya taho da fara'a.

"Sannu da zuwa, Mista Tackett. Bismillah, ku zauna a inuwa."

Ya kawo mana shayi mai ƙanƙara, ya yi masa ta'aziyyar Lorene. Orval ya daɗe yana juya kofi kafin ya ce ya zo neman gafara ne, abin da ya yi bai kyauta ba. Wendell ya ce ya wuce, ya yafe tuntuni.

"Makin bai dame ni ba, an sha yi mana fiye da haka," in ji shi. "Abin da ya tsaya mini, ni na ce wa yarana na san ka."

Ya raka mu har mota, ya buɗe masa ƙofa da kansa. Mun yi tafiyar kusan awa ɗaya, hular Orval tana kan cinyarsa. Sai da muka hango gadar garinmu ya juyo.

"Ka ji sunan da ya kira ni?"

Na ce na ji, Koci.