Lambar da Na Ƙona da Cokalin Shayi

Edita, ina yi maka sallama, kai da masu karatu. A shekarun da zan ba da labarinsu ni matashi ne mai teburin shayi a bakin titin Boɗinga, mai baki kamar rediyo, mai ganin duk garin babu wanda ya kai shi sanin siyasa. Abin da ban cika faɗa ba shi ne ni ba ɗan ƙasar nan ba ne. Ba'adare ne ni, daga wani ƙauye can bayan Ƙonni a ƙasar Nijar. Fari ne ya koro ni bayan ya gama da dabbobin gidanmu. Wanda ya riƙo hannuna ya tsallako da ni aminin mahaifina ne, dattijo mai haƙar rijiya, wanda nake kira Baba. Ya daɗe yana aiki a ƙauyukan Shagari, kuma a wajen Kajiji yake zaune da iyalinsa.

Rani ɗaya na yi ina ja masa ƙasa daga bakin rami. Ranar da ya ce in sauka ciki, na kai gaba uku na ɗaga kai na ga sama ta koma kamar faifai, sai na fasa ihu har matan ƙauyen suka fito. Baba ya yi dariya har da hawaye, ya ce tunda Allah ya ba ni baki ya hana ni zuciya, gara a nema mini sana'ar da ake yi da baki. Shi ya ba ni butarsa ta shayi, ya kai ni Boɗinga wurin wani mai awon hatsi da ya sani, ya damƙa ni amana. Mutumin nan ya ba ni wurin kafa tebur, daga baya ma ya ba ni 'yarsa. Babu wanda ya taɓa tambayata takarda. Harshenmu ɗaya da mutanen garin, sallarmu ɗaya, tuwonmu ɗaya, har ni kaina nakan manta akwai wata iyaka tsakanin nan da gidanmu.

Da aka mayar da mulki hannun farar hula, sai na zama kamar wanda aka kwance wa ɗaure. A ƙasarmu soja ke mulki, mutum ba ya ambaton gwamnati sai ya waiwaya. A nan kuwa ina gani da idona manomin albasa zai zauna a bencina ya zage gwamna tas, ya shanye shayinsa, ya tafi gida ya kwana lafiya. Abin ya burge ni ƙwarai. Ga shi shugaban ƙasar ɗan garin Shagari ne, nan kusa da mu, motoci masu tuta suna wucewa ta gaban teburina, ni kuwa ina ɗaga musu hannu kamar 'yan ɗakinmu ne a ciki. 'Yan jam'iyya da kansu suka kai ni aka rubuta sunana aka ba ni katin zaɓe. Na liƙa hotuna a jikin tebur, na koyi waƙoƙin kamfe, kuma duk wanda ya soki gwamnati sai ya ga shayinsa ya zo tsararo. A lokacin madara araha take, kowa mai kauri yake sha, ni kuwa na ɗauka haka duniya za ta dawwama.

Wasu Juma'o'in nakan hau motar albasa zuwa Shagari, daga nan in samu mai keke ko in taka zuwa wurin Baba. In na same shi sai in cika masa kunne da labarin majalisa da ministoci. Yakan saurara yana gyaran igiya, sanye da 'yar shararsa da ba ya rabuwa da ita, domin mai shiga rami ba ya son hannun riga. Amsarsa kullum guda ce, wai shi ya haƙa rijiya a zamanin gwamnatoci da yawa, bai ga wadda ta matso masa da ruwa kusa ko da taki ɗaya ba. Yakan ƙara da cewa in riƙa tunawa mu baƙi ne, in sassauta murya. Ni kuwa a raina ina yi masa kallon bagidajen da zamani ya wuce.

Sai abubuwa suka fara tsuke. Madara ta ɓace, sukari ya zama sai da hanya, masu shan mai kauri suka koma shan baƙi suna tsaki. A hankali hirar benci ta juya. Waɗanda jiya suke zagin gwamnati suka fara cewa baƙi ne suka cika ƙasa suka cinye komai. Ba a daɗe ba, cikin shekarar zaɓe na biyu, rediyo ya sanar cewa duk baƙon da ba shi da takardar zama ya tattara ya fita, aka kuma ba da ɗan gajeren wa'adi. Malaman makaranta 'yan Gana da suke karyawa a wurina kowace safiya suka zo da kayansu a ka suka yi mini ban kwana. Na ba su burodi kyauta ina murmushi. Ina da mata, ina da jaririya, ina da tebur, kuma ba ni da ko guntuwar takarda sai katin zaɓe.

Abu ɗaya ne a jikina zai iya tona ni. Masu allurar rigakafi na wancan zamani sun bar wa kowa tabo, wanda muke kira lamba. A nan Nijeriya can sama suke yin ta, kusa da kafaɗa. A ƙasarmu kuwa a ƙasa suke yi, tsakanin gwiwar hannu da wuyan hannu, inda kowa zai gani in mutum ya naɗe riga zai yi alwala. Mu da muka tsallako mun san wannan, yawancin mutanen gari ba su taɓa lura ba. Wata safiya kafin mutane su taru na tura cokalin shayi cikin garwashi har ya yi ja, na cusa hular kaina a baki, na danna shi a kan lambar. Har yau in na ji ƙaurin nama a wuta sai zuciyata ta tashi. Na ɗaure wurin da tsumma, na gaya wa kowa buta ce ta kife mini.

Kwana biyu bayan haka wasu ma'aikata uku da aka turo daga birni don aikin fitar da baƙi suka zauna a bencina. Suna sha suna ƙorafi cewa baƙin da suka shigo ta kudu ba su da wahalar ganewa, amma na Nijar sun gagare su, domin magana ɗaya, kama ɗaya, kowa ka tambaya sai ya ambaci sunan wani ƙauye na kusa. Sai babbansu ya ɗago ya dube ni, ya tambaye ni ni ɗan ina ne. Wataƙila hira kawai yake nema. Na ce Dingyaɗi, nan kusa da mu. Ya gyaɗa kai bai ce komai ba, amma shirun nan ya yi mini nauyi, na ji dole in cika shi da wani abu da zai nuna ni nasu ne. Sai bakin nan nawa ya buɗe. Na ce ai abin ba wuya, na ji an ce mutanen can a ƙasan hannu ake yi musu lamba. Suka dubi juna, kowa ya taɓa kafaɗarsa, suka yi dariya. Babban ya ce lalle mai shayi ya fi su ilimi. Allah ya sani, a lokacin har daɗi na ji an yabe ni.

Ranar kasuwar Shagari suka tare hanya suna sa mutane naɗe hannun riga. Washegari da hantsi wata babbar mota ta taso daga can za ta nufi Sakkwato ta wuce Illela bakin iyaka, maƙare da mutane, ta tsaya shan ruwa daidai gaban teburina. Ina ɗaga kai na ga Baba a jikin ƙarfen bodi, cikin 'yar shararsa, har da busasshiyar laka a ƙafafunsa. Ya je kasuwa sayen igiya ne, shi ko naɗe riga ba a sa shi ba, lambarsa a fili take. Ma'aikatan nan suka sauko suka zauna a bencina, babbansu yana buga mini kafaɗa yana gaya wa direba cewa ga malamin da ya koya musu aikin. Da ƙarfi ya faɗa, kuma motar ba ta fi taku biyar da mu ba.

Baba ya dube ni, ya dubi tsumman da ke hannuna, ya daɗe yana kallonsa. Na jira ya kira sunana. Da ya kira, da tare za mu tafi, kuma da na cancanci haka. Sai ya yi magana kamar bai taɓa ganina ba. Ban manta ko kalma ɗaya ba: "Malam mai shayi, ƙunar ga taka ta ci ruwa. Ka kwance tsumman ga, ka sa mata zuma, kak ka bari ta kai ga ƙashi." Na ce to, na gode, Baba, irin yadda ake ce wa kowane tsoho. Ya roƙi ruwan zafi. Na zuba masa shayi daga butar da ya ba ni, na miƙa masa ta tsakanin ƙarafa, ya sha rabi ya ba na kusa da shi. Ya miƙo mini kofin, motar ta tashi. Ban ce masa ya yafe mini ba, ban ma ce ya sauka lafiya ba, saboda ma'aikatan suna zaune.

Da na kasa riƙe abin na gaya wa surukina, sai ya tambaye ni ko ina tsammanin akwai wanda bai san ni Ba'adare ba ne a Boɗinga. Ya ce tun ranar sanarwar dattawan unguwa suka yi magana a masallaci cewa duk wanda ya yi aure cikinsu nasu ne, in an tambaya a ce ba a san wani baƙo ba. Kowa ya san ƙunar hannuna ba ta buta ba ce, kunya ce ta hana a faɗa. Ashe garin ya riga ya rufa mini asiri, ni ne ban yarda da su ba. Na ƙona hannuna a banza, na kuma sayar da mutane cike da mota a kan tambayar da ba ta da haɗari.

Na yi niyyar bin Baba, amma kullum sai in ce bari ƙura ta lafa. Iyalinsa suka bi shi, rijiyar da ya fara a ƙauyensu ta tsaya a rabi. Aka yi zaɓe, na sake jefa ƙuri'a da hannun nan mai tabo, babu wanda ya duba shi. Bayan 'yan watanni soja suka karɓi mulki, motoci masu tuta suka ɓace, na kankare hotunan teburina da wuƙa kamar kowa. Daga nan aka rufe iyaka, fari ya sake sauka a ƙasarmu, muna nan muna layin sabulu da madara, labarin gida kuwa sai a bakin masu bin daji. Ban samu tsallakawa ba sai da aka buɗe hanya. A bakin iyaka wani jami'i na can ya tambaye ni takarda, na ce ni ɗan ƙasa ne na dawo gida. Ya ce in nuna hannu. Na naɗe riga, ya dubi tabon, ya ce shi bai ga lamba ba, ƙuna ya gani. Sai da wani direba ɗan yankinmu ya shaide ni aka bar ni na wuce.

Kabari na tarar. Baba ya rasu cikin yunwar, yana fama da haƙa a ƙasar da ruwanta ya gudu. Matarsa ta karɓe ni da murna, tana sa mini albarka. Ta ce har ya bar duniya yana gaya wa mutane cewa ɗansa na Boɗinga ne ya ba shi shayi a hanya ranar da aka kore su. Bai gaya wa kowa sauran ba, har mahaifina. Na zauna a gabanta na yi kuka, ita tana tsammanin kukan rashi ne kawai.

Yanzu na tsufa a Boɗinga, jikokina 'yan ƙasa ne, kuma har yau ina sauraron siyasa, amma ba na buɗe baki. Na ga yadda ake yi da baƙo: ranar da ake neman ƙuri'a ɗan gari ne, ranar da abinci ya yi wuya shi ne ɓarawo. Wannan ba ni da ikon gyara shi. Abin da ya rage a wuyana shi ne nawa laifin, domin ba gwamnati ce ta nuna hannun Baba ba, ni ne. Ina roƙon duk wanda yake zaune a ƙasar da ba tasa ba, in tsoro ya kama shi, ya fara tambayar maƙwabtansa kafin ya yanke wa kansa hukunci, kuma kada ya sayi zamansa da asirin ɗan'uwansa. Ku kuma masu gari, in kun yi niyyar rufa wa baƙonku asiri, ku gaya masa da baki, kada ku bar shi shi kaɗai da tsoronsa. Ina roƙon masu karatu su sa dattijon nan a addu'a. Zumar da ya ce in sa na sa, kuma ƙunar ta warke cikin mako biyu. Sau biyar a rana nake naɗe riga in wanke wurin.