Matar da Ta Ciro Asibiti daga Cikin Jiƙaƙƙiyar Kwamfuta

Ƙarfe bakwai da rabi take ɗage ƙofar shagonta, ko ana ruwa ko ana iska. Shagon a ƙarƙashin matakalar bene yake, tsakanin tela da mai yanka makullai, in ka miƙa hannu biyu sai ka taɓa bango da bango. Za ta share, ta shimfiɗa farin ƙyalle a tebur, ta ajiye kiret ɗin ƙwai a hannun dama. Ba ƙwai take sayarwa ba. Duk kwamfutar cinya da ta kwance, notin farko a ramin farko yake zama, na biyu a na biyu, in ta zo ɗaurewa ta biyo su daga ƙarshe. Shi ya sa duk layin ake ce mata Uwar Noti. Kofin shayinta kuwa a ƙasa yake, can bakin ƙofa. Shekara ashirin da shida bai taɓa hawa teburin nan ba. Ƙarshen watan nan za ta rufe shagon, don hannunta ya fara rawa.

Ni da nake ba ku labarin nan ban taɓa zama a aji ba. Autata ce ke rubutawa ina faɗa, kuma na ja mata kunne kada ta rage min ko kalma ɗaya. Shekara arba'in da ɗaya na yi ina jan tirela. Sau uku ana zaro ni daga cikin ƙarfe ana salati, sau uku ina miƙewa in kakkaɓe riga in ce ina hulata. Burki ya taɓa tsinke min a gangare da buhu ɗari shida a bayana, na sauko da ita da giya kaɗai. Mutum irina ba ya yabo da arha. To yau zan yi, ku gyara zama.

Tela ya shaida min wata malamar makaranta ta taɓa zuwa tana cewa kwamfutarta ta mutu, a nemo mata sabuwa. Uwar Noti ta buɗe, ta zaro curin ƙura da gashin kyanwa daga fanka, girman ɓera, ta ɗaga shi da hantsaki ta ce, “Malama, ga mutuwar. Ɗauki abarki ki je ki koyar da 'ya'yan mutane.” Mai makulli kuma ya rantse bai taɓa ganin ta buɗe hoton wani ko wasiƙar wani ba. In gwaji ya kama, sai ta juya wa mai ita allon, ta kau da kai. Wannan nasu ke nan. Ga nawa, da idona.

Auta mai zanen gine-gine ce. Bara ta yi wata takwas tana zana ɗakin haihuwa na wani asibiti, za ta kai zanen gaban masu aikin ranar Alhamis, in ba ta kai ba a ba wani. Ran Lahadi da hantsi ta fita duba wani gini, ta bar kwamfutar a kunne a falo tana harhaɗa hotunan zanen. Siririya ce, irin sababbin nan, kamar murfin tukunya. Ina kishingiɗe sai na ji fankarta tana kuka. Na taɓa, zafi rau. To ni duk rayuwata injin da ya yi zafi ruwa ake ba shi, yaron da ya yi zafi a jiƙa ƙyalle a ɗora masa. Na jiƙo tawul, na ɗan matse, na shimfiɗa mata a kan madannai. Ba a jima ba kukan ya tsaya tsit. Na ce a raina, ka ga aikin manya.

Da Auta ta dawo ta danna, ta sake dannawa, shiru. Tawul kuwa tuni na shanya shi a igiya. Ta dafe kai ta ce, “Baba, wata takwas!” Ni da ban ji tsoron gangare ba, sai na ji bakina ya ƙi buɗuwa.

Washegari muka je wajen Uwar Noti. Ta karɓa, ta juya ta, ta yi tsaki.

“Ina kwafin aikin, 'yata?”

“Anti, na wata biyu da suka wuce ne. Ƙofa biyu kacal gare ta, mahaɗin da nake jona ma'ajiyar waje da shi ya ɓata.”

“Haka suke yi. Su toshe ƙofofi su ce ado ne.”

Sai da ta gwada sukudireba huɗu kafin ta dace da notin, sannan ta hura iska mai zafi ta ɓanɓare gam. Da murfin ya tashi ta sa madubi a ido ta leƙa, ta daɗe. Sai ta ɗago ta dube ni. Ta ce wa Auta ta koma gida ta ɗauko caja. Auta na fita, Uwar Noti ta ce, “Baba Direba, ruwan me ne?”

“Wane ruwa, 'yar nan? Ni ban ga hadari ba.”

“Ga farin gishirinsa nan a faifan ciki. In shayi ne da sukari wankinsa daban, in ruwa ne zalla daban. Ka ɓoye min, aikin 'yarka ya tafi. Ruwan me ne, kuma ya yi minti nawa?”

Na faɗa mata komai, har matsewar da ban yi da kyau ba. Na jira dariya. Ba ta yi ba. Ta ce, “Hankalinka na inji daidai ne, zafin ya yi yawa. Maganin ne ba nata ba. Ni ba zan gaya mata ba, kai za ka gaya mata.”

Matsalar ita ce, a irin wannan kwamfutar an liƙe ma'ajiyar da aikin yake ciki da dalma a jikin faifan, ba a zare ta a sa a wata. Dole sai an tashi matacciyar, ko na awa ɗaya ne. Kwana uku tana kai. Da safe kawai take taɓa dalma, lokacin da hannun bai fara gardama ba. Ta naɗe tsumma ta tokare wuyan hannunta a kai, ta riƙe numfashi, ta ɗiga, ta saki numfashi. Abubuwan da take cirewa ba su kai ƙwayar gero ba. Ni kuwa kullum ina kan benci tun buɗewa har rufewa, wai gadi nake yi.

Da rana in hannun ya gaji sai ta ɗauko wani tsohon littafi mai baƙin bango ta yi rubutu. Na ce lissafi ne? Ta ce a'a, saƙo ne ga masu ƙera kwamfuta, duk abin da ya ba ta haushi a teburin nan tana rubuta yadda take so su yi na gaba. Na ce karanta min in ji ko suna da gyara.

Ta ce tana son noti iri ɗaya daga farko har ƙarshe, sukudireba ɗaya ta kwance duka. Batir a zare shi da hannu kamar na tocila, ba a liƙe shi da gam ba, har in ya kumbura sai an yi kamar za a yi wa mutum tiyata. Ma'ajiya ta zama abar cirewa, don ko uwar ta mutu a ɗauke ɗan a kai shi wani gida. A dawo da ƙofofi, manya da ƙanana, mai aiki ya daina yawo da jakar mahaɗai. A yi wa fanka ɗan murfi, mai ita ya buɗe ya share ƙura da kansa. A yi wa madannai magudana, in ruwa ya zuba ya fita ta ƙasa. Allo kuma a iya ganinsa a tsakar rana, don ba kowane ma'aikaci ke zaune a ofis mai labule ba. Ta ce, “Su ƙara mata kauri kamar ɗan yatsa, wa ya ce musu nauyin ne ya dame mu? Mai aiki abar da za ta yi shekara goma yake so, ba abar nunawa a taro ba.”

Na ce, “Rubuta nawa. A sa mata agogon zafi kamar na tirela, allura ta hau ja kowa ya gani. Kuma a rubuta a jiki da manyan baƙi, ba a ba ta ruwa.”

Ta ce, “Kai da ba ka karatu, Baba Direba?”

“To a zana tawul a soke shi da jan layi.”

Ranar ce na fara jin dariyarta, har tela ya leƙo. Amma ta rubuta, na ga alƙalamin yana tafiya.

Laraba da hantsi allon ya kawo haske. Uwar Noti ba ta yi murna ba, ta ce wa Auta, “Jona ma'ajiyar waje, kwashe aikin, kada ki buɗe komai. Ban san minti nawa za ta ba mu ba.” Wani koren layi ya fara rarrafe a allon. Muka zuba masa ido mu uku. Ya kai rabi sai Auta ta ce da muryar kuka, “Laifina ne, Anti. Ni na bar ta a kunne har ta ƙone.”

Uwar Noti ba ta dube ni ba, notinta take jerawa. Shirun nan nata ya fi min burkin da ya tsinke nauyi. Na cire hula na ce, “Auta, ba ƙonewa ta yi ba. Ni na ɗora mata jiƙaƙƙen tawul.”

Auta ta juyo. “Tawul, Baba?”

“Na ji tana kuka ne.”

Ta mayar da ido kan allon. Layin ya cika, aikin ya fita kaf, ba a yi minti goma ba allon ya ɗauke, bai sake kawowa ba har yau. Ran Alhamis Auta ta kai zanen a kwamfutar aro, aka ba ta aikin. Ni kuwa kwana biyar gaisuwa kawai ke haɗa mu, ita ma a taƙaice.

Watan jiya aka zuba harsashin ɗakin haihuwar. Auta ta ɗauke mu a mota, ni da Uwar Noti, ta kai mu. Muka tarar ana yayyafa wa sabon siminti ruwa. Auta ta karɓi tiyo daga hannun lebura ta miƙo min, ta ce, “Baba, ga inda ake son ruwanka.” Na karɓa, kuma magina sun shaida ba su taɓa ganin mai ban ruwa irina ba.

Uwar Noti, ke ce kika ciro ginin nan daga cikin gawa da hannu mai rawa. Ke ce kika san laifina tun kallon farko, ba ki tona ni ba, ba ki kuma bar ni na ɓuya ba. Mai ido a ƙwayar gero, mai rufa asirin mai gemu. Matan da za su haihu a ɗakin nan ba za su san ki ba, 'ya'yansu ma haka, amma ni na sani, kuma bakina ba ya gajiya. Na gode, 'yar nan. Allah ya hutar da hannun nan, ya saka miki da alheri.

Ku kuma masu ƙera kwamfuta, duk inda kuke, kafin ku zana ta gaba ku tambayi wadda take buɗe cikin ta baya. Masu gyara na yanzu, maza da mata, ku daina saurin cewa ta mutu. Saura kwana goma sha ɗaya ta sauke ƙofar nan. Ku je ku tsaya a bayanta ku ga yadda ake riƙe numfashi saboda aikin wani.