Fitilun Kawu Erlend

Shekara talatin da huɗu Kawu Erlend Drever, yayan mahaifiyata, ya yi yana raba wasiƙu a tsibirinmu na Orkney bisa wani baƙin keke. Babu ƙofar da bai sani ba, babu karen da bai san sunansa ba.

Yana tsakiyar wannan aiki aka jawo mana lantarki. Mutane suka yi ta murna kamar su zuba ruwa a ƙasa su sha. Cikin mako guda fitilun kananzir na tagulla, waɗanda kakanninmu suka sayo daga Birmingham, suka zama shara. Wasu aka jefa su gaɓar teku, wasu aka cusa su bayan garken tumaki. Kawu ya tsinci ta farko a cikin ciyawar teku, ta yi kore, gilashinta ya fashe. Ya gane ta nan take, domin ya sha ganinta a tagar gidan su Harcus. Ya sa ta a jakar wasiƙu ya kai gida.

Daga nan abin ya zame masa jiki. Da ruwan tsami da gishiri yake goge su har sai ya ga fuskarsa a ciki. Lagwani da gilashi kuwa sai ya rubuta takarda kudu a aiko masa. Kowace ya gama, sai ya ɗaura mata 'yar takarda a wuya da sunan gidan da ta fito. Matarsa, Inna Jessie, takan ce, "Maigida, ko dai ka gina musu ɗaki ko ka gina mini. Shayina ma warin kananzir yake!" Ya gina musu rumfa a bayan gida. Sai da suka kai sittin da ɗaya.

Bayan rasuwar Inna Jessie ƙafafunsa suka fara gazawa, 'yarsa ta matsa ya koma wurinta a garin Kirkwall, can tsallaken ruwa. Wata safiya ya kira ni, lokacin ni ce ungozomar tsibirin, ina da 'yar mota.

"Thora, akwai sauran saƙon da ban kai ba," ya ce. "Zo ki tuƙa ni."

Kwana uku muka yi muna zagaye, fitilu naɗe cikin tsofaffin barguna a kujerar baya. A gidan su Harcus, wani ƙaton mutum mai furfura ya riƙe fitilar da hannu biyu yana jujjuya ta. Can ya ce a gindinta ya koyi karatu. A wasu gidajen baƙi ne daga kudu suka saye, ba su san masu gidan na da ba. Kawu ya zauna ya ba su labarinsu, suka ba shi shayi.

Rana ta uku muka isa wurin Baubie Rendall, sa'arsa ce, tare suka yi makaranta. Muka same ta tana gasa gurasar sha'ir. Ta dubi abin da ke hannunsa ta yamutsa fuska.

"Kai Erlend, har yanzu ba ka yi hankali ba? Mene ne wannan?"

"Fitilarki ce, Baubie. Kin yar, na tsinta."

"Da hannuna na wurga ta teku, ina waƙa! Shekara nawa ina goge mata baƙin hayaƙi kullum safiya? Ita ta cinye mini idanu wajen saƙa. Sai ku maza, da ba ku taɓa wanke gilashinta ba, ku ne kuke kewarta."

Kawu ya yi dariya har da tari. "To na mayar?"

"Mayar mana."

Ya juya zai fita, yana dogara sandarsa. Ta bar shi sai da ya kai bakin ƙofa.

"Tsaya, tsohon kawai. Ta uwata ce ko ta surukata?"

"Ta uwarki. Ga lotsawar nan a gindi."

Ta karɓa ta shafa wurin da babban yatsa. "A hannuna ta faɗi ta lotse ina 'yar shekara shida. Na sha duka ranar." Ta ɗora ta a kan kabad, ta ce kada ya sa ran za ta kunna. Sannan ta yanko mana gurasa da cuku, suka zauna suna lissafa 'yan ajinsu da suka rage. Huɗu suka samu, har da su biyun.

Fitila tara suka saura a motar, domin gidajensu ko rufi babu, tumaki ne ke kwana a ciki. Kawu ya ce mu bi ta kowanne duk da haka. Bai sauka ba, ta taga yake kallon kangon ya faɗi sunayen mutanen gidan, sannan ya ce mu tafi.

Ranar Litinin ya hau jirgin ruwa zuwa Kirkwall da akwati ɗaya. Shekara biyu ya ƙara a duniya. Fitilun nan tara suna wurina, amma gaskiya ban iya goge su kamar shi ba.