Ƙwayar Tsakar Rana

Ɗana bai taɓa zama wuri ɗaya ba tun da ya koyi tafiya. A coci, kafin fasto ya gama karanta aya, ya bi ta ƙarƙashin benci ya dawo mini da takalmin wani. A makaranta kuwa Anti, malamar ajinsu, ta gaji da bulala har ta koma tura shi waje ya tsaya a rana. Yana aji biyu na firamare shugabar makarantar ta kira ni, ta ce in bai canza ba kafin ƙarshen zango in nema masa wani wuri. Wannan ce makarantarsa ta biyu a Kafanchan, ta farkon ma haka muka rabu da su.

Babansa direban tanka ne a Legas, ta waya yake renon yara. Maganinsa ɗaya ne, in ƙara bulala. Dangina suna Fadan Kaje, ni kuma ina kasuwa ina sayar da citta. Wata nas da muke coci ɗaya ce ta ja ni gefe ta ce in kai shi Jos. Likitan ya daɗe yana kallon yaron yana wasa da labulen ofis, ya yi mini tambayoyi har na gaji, sannan ya ce ba iskanci ba ne, ba kuma aljani ba. Ya kira abin da wasu haruffan Turanci, ADHD. Ya rubuta ƙwaya, ɗaya da safe, ɗaya da tsakar rana. Ta tsakar ranar ce ta faɗa daidai lokacin da yara ke fita cin abinci a makaranta.

Ni a wautata na ɗauka abu ne mai sauƙi. Na kai wa Anti kwalin maganin, na ce ta taimaka ta riƙa ba shi. Ta mayar da hannuwanta baya kamar na miƙa mata garwashi.

"Madam, ki yi haƙuri," ta ce. "Ni ba na sa komai a bakin ɗan wani. In gobe ya tashi ya ce ya yi mafarki da ni, wa zai tsaya mini?"

Raina ya ɓaci, amma na san abin da take nufi. A wajenmu babu yaron da ke fita gida ba a ja masa kunne ba: kada ka karɓi abin ci a hannun wanda ba ka sani ba. Mun taso muna jin cewa ta abinci ake shigar da yara ƙungiyar asiri, da alewa ko ƙosai guda an gama. Ni kaina kullum sai na faɗa wa ɗana haka. Na je wurin shugabar makaranta, ita ma ta ce ba da ita ba. In ina so in zo da kaina in ba shi, amma ba a ofis ba, ba a aji ba, in zagaya bayan ginin inda iyayen yara ba za su gani su yi surutu ba.

Haka na fara. Da rana ta take tsaka sai in bar wa maƙwabciyata, wata 'yar Ibo mai sayar da manja, buhunan cittata, in hau okada. A bayan ajinsu akwai bishiyar mangwaro. Nan yake zuwa ya same ni, in kwance bakin zani in ciro ƙwayar, ya haɗiye da ruwa, ya koma.

Maganin kuwa ya yi aiki, ba zan yi masa ƙarya ba. Ranar da ya kawo mini shafi guda cike da rubutu, daga sama har ƙasa ba tsallake, na shiga ɗaki na yi kuka. Anti ta daina tura shi waje. Shugabar makaranta ta daina maganar ƙarshen zango. Sai dai cin abincinsa ya ragu, ya kuma yi shiru irin wanda ban saba da shi ba.

Abin da ban lissafa ba shi ne matan da ke sayar da biskit da lemo a bakin ƙofar makaranta. Idonsu ya fi na kowa. Sun ga mace tana zuwa kullum, tana laɓewa a bayan gini, tana ciro wani farin abu daga bakin zani tana sa wa yaro a baki. Sun kuma ga yaron da ke hawa taga ya yi sanyi kamar ruwan randa. Ba su tambaye ni ba, suka haɗa labarinsu, wai abin asiri nake ba shi, suka raba wa iyaye kyauta.

A zumuntar mata ta coci na fara lura. Bencin da muke matsuwa a kai sai ya yi mini faɗi. Wata dattijuwa ta biyo ni gida ta ce mu sa ranar azumi da addu'a domin yaron. Na ɗauko mata kwalin, na ce ga shi, daga asibiti ne. Ba ta taɓa ba. Ta ce ai Shaiɗan ma yana da nasa asibitin. Na raka ta bakin ƙofa da ladabi, don da na buɗe baki a ranar da sai dattawan coci sun zauna a kaina.

Nawa mai sauƙi ne a kan na ɗana. Da can, duk ƙiriniyarsa, ɗana yana da jama'a, don shi ke hawa mangwaro ya kaɗo wa kowa. Yanzu an ja wa yara kunne a gida. Wanda suke benci ɗaya ya koma baya. In na zo sai in tarar da shi tun tuni a gindin bishiyar da gorar ruwansa, sauran suna can suna ƙwallo. Na kira babansa, ya ce to in daina ba shi mana. Na ce in na daina za su kore shi. Ya ce ana kiran su lodi, zai kira ni. Ban taɓa jin kaɗaici irin na wannan shekarar ba, ga mutane ko'ina amma babu wanda zan tambaya ko daidai nake yi.

Ana haka ranar haihuwarsa ta zo. A makarantarsu al'ada ce mai ranar ya kawo abin rabawa a aji, kuma wannan kowa yana ci, tunda an san gidan da ya fito. Ya daɗe yana tuna mini. Na soya cincin, na sa madara ban yi rowa ba, na ƙulla a ƙananan leda, kowane yaro da tasa. Shi ya ɗauki jakar da kansa, bai yarda na riƙe masa ba.

Da na je ba shi magani ya haɗiye ya koma aji, ni ma ban tambaye shi zancen cincin ba. Da aka tashi na karɓi jakar, na ji nauyinta yadda ta tafi.

"Sun ce sun ƙoshi," ya ce, yana kallon titi. Can sai fuskarsa ta saki. "Amma Anti ta ɗauki ɗaya, Mama. Ta sa a jaka, ta ce sai ta je gida za ta ci."

Na ce lalle za ta ci. Da yamma muka zauna a tsakar gida da jakar a tsakaninmu. Ya ɗan tsakura ya ce ya isa, sauran ni na yi ta ci a kasuwa har ya ƙare.

Washegari yana sa takalmi ya ce zai tambayi Anti ko cincin ɗin ya yi daɗi. Na ce ya bar ta, aiki ya yi mata yawa. Ya ce to, ya buɗe baki na sa masa ƙwayar safe.