Ranar da Malamin Ɗan Farina Ya Zo Zaurenmu

Na manta abubuwa da yawa na ƙuruciya, amma ranar da malamin makarantar boko ya jingine kekensa a ƙofar gidanmu a Bodinga ba za ta fita raina ba har in koma ga Mahaliccina.

Lokacin ba a daɗe da samun 'yancin kai ba. Ɗan farina yana da wajen shekara bakwai. Sanƙarau ya kama shi yana ƙarami, Allah Ya tashe shi, amma ya tashi ba ya ji, maganar da ya fara kuma ta tafi. Tun yaye yake ɗakin surukata, Inna, kamar yadda aka saba. Ni kuwa kunyar ɗan fari ta hana ni kiran sunansa, balle in zauna da shi a gaban mutane. Sai idan Inna ta tafi kasuwa yake shigowa wurina ina surfe, mu yi hira da hannu. Ya shafa haɓa, babansa ke nan. Ya ja kunne, Inna ce da 'yan kunnenta. Idan bai gane abu ba, sai ya ɗora yatsa biyu a kumatu ya murza, wato in sake nuna masa a hankali. Ba wanda ya koya mana, kuma ba wanda ya san muna yi.

Da mai unguwa ya aiko cewa kowane gida ya ba da yaro ɗaya boko, sai maigidana ya ba da shi. A zamanin nan haka mutane da yawa suka yi: wanda ake ganin ba zai yi amfani a gona ba shi ake miƙawa. Kowa ya ɗauka za a koro shi. Sai malamin ya ajiye shi a layin gaba.

Bayan 'yan watanni malamin ya zo da la'asar. Maigidana da Inna suka tarbe shi a zaure. Ni ina bayan zana ina tsince gero, ina hango su ta wata 'yar kafa.

Malamin ya ce, "Inna, yaron ga yana da kai. Duk abin da na rubuta a allo sai ya kwaikwaya, ya fi masu kunne kyan hannu. Amma ni kaɗai ba zan iya ba. Wa ke magana da shi a gida?"

Inna ta yi dariya ta ce, "Wanga mijin nawa? Malam, wa ka magana da kurma? Abinci dai nika ba shi, in ya ƙi ci in ce na sake shi."

Malamin bai yi dariya ba. Ya ɗora yatsa biyu a kumatunsa ya murza. "Kullum haka yake yi mini. Har haƙoransa na duba. Wani ya koya masa wannan. In da mai shi zai zauna da ni ko sau ɗaya a mako, ya nuna mini nasu alamu, ni ma in nuna masa abin da muka yi a aji don ya yi masa bita a gida, to wallahi yaron ga zai yi karatu. Ko mahaifiyarsa?"

Gero ya zube daga hannuna. Amsar tana bakina. Amma kafin in yi ko tari, Inna ta ce, "Haba Malam! Ɗan fari na fa. Ita mi ta sani a kansa?"

Maigidana ya sunkuyar da kai. Malamin ya ba da haƙuri, ya sha ruwa, ya tafi.

Da Inna ta shiga alwala na tari maigidana, na ce, "Maigida, abin da yaron nan ke nufi shi ne a sake nuna masa. Don Allah ka isar wa malamin."

Ya dube ni da mamaki, sannan ya ce, "To in ya tambaye ni inda na jiyo fa? In ce ke ce ke zama da shi? Kina so matan unguwa su ɗauke ki a baki, Inna kuma ta ce kin raina riƙonta?" Ba da faɗa ya yi maganar ba. Shi a ganinsa mutuncina yake karewa.

Malamin ya yi ta fama har ƙarshen shekara, sai aka yi masa canjin wurin aiki. Wanda ya maye gurbinsa ya aiko cewa ba shi da yadda zai yi da yaron. Aka shirya kai shi Horo Birni wurin ƙanen babansa, ya yi kiwo.

Ranar tafiya ya zo ya tsaya a bakin ɗakina da ɗan ƙunshin kayansa. Ya nuna hanyar makaranta, ya buɗe tafin hannu yana tambayata dalili. Tsakar gida cike take da mata 'yan rakiya. Na miƙa masa ƙullin ƙuli-ƙuli, fuskata na kallon wani wuri, kamar yadda uwa mai kunya take yi. Suka yi ta yaba mini.

Ya girma, ya yi aure, yana da shanunsa da 'ya'yansa, alhamdu lillahi. Sai da na kusa tsufa na shiga ajin yaƙi da jahilci, kuma ranar da na fara haɗa baƙi da wasali na yi kuka, domin a nan na san abin da ya wuce shi. Ba na riƙe kowa a zuciya. Inna ta so shi, babansa ma haka, kowa ya bi abin da ya taras.

Abin da na koya shi ne, yaro mai lalura rabin karatunsa yana hannun malami, rabi yana hannun wanda ya san shi a gida, kuma sai an haɗa su. Malamai, ku nemi hanyar jin ta bakin uwa, ko da ta hannun wata mace ce. Ku kuma 'yan'uwana mata, kunya ado ce, amma idan aka zo tambaya a kan ɗanki, ki yi magana. Malamin nan sau ɗaya ya zo.