Ranar da Baba Haladu Ya Tare Roka a Bakin Wata

Ana idar da sallar asuba muka bar ɗakinmu na unguwar Fereej Abdel Aziz, a ƙasar Larabawan da muke ci-rani, ni da Baba Haladu, abokin aikina a kamfanin motocin haya. Saura 'yan kwanaki a fara gasar ƙwallo ta cin kofin duniya a nan, hutuna na ƙarshe ke nan, amma dattijon ya ga babu abin da ya dace da shi sai duban rokar da Amurkawa za su harba zuwa wata. Gwaji ne ma, 'yan tsana aka zuba a ciki. Har sau biyu ana fasawa don tanki na yoyo, sai ka ce tsohuwar a-kori-kura.

Kamfani ne ya ce sai an gwada idon Baba kafin a bar shi ya ɗauki baƙin ƙwallo, in ya faɗi kuwa sai gida. Abin ya ƙona masa rai, don a garinsu shi ke fara ganin jinjirin watan azumi. Ya rantse in ya hango rokar nan, likita ba shi da ta cewa.

Na ce, "Baba, daga Amurka fa za ta tashi."

"Ina za ta?"

"Wata."

"To watan nasu daban ne? Mu tsare shi, dole ta zo ta same mu."

Wannan ilimi ya fi ƙarfina, na shiga mota, Baba ya ja.

Corniche

Tun daga nesa na ga an gitta shinge, an hana motoci bin bakin teku saboda gasar. Saura kaɗan Baba ya haye shingen da mota. Ɗan sanda ya leƙo, Baba ya nuna masa sama yana bayani da Larabcin makarantar allo. Mutumin ya saurara da ladabi, sannan ya kore mu da hannu, "Yalla, yalla!" Muka juya.

West Bay

A wannan unguwa mai dogayen benaye, wani mai gadi ɗan Katsina, Mansir, ya tausaya mana ya bar mu muka hau can saman wurin ajiye motoci. Muka sha karak, shayinsu mai madara, da biredi, Mansir yana bin harbin a wayarsa. Wajen ƙarfe goma ya yi ihu, "Ta tashi, wallahi ta tashi!"

Rabin wata na nan fari sol a yamma, ko makaho ya ji ɗuminsa, in ji Mansir. Baba ya gyara hula, ya kare goshi da hannu.

"Ga watan can, Sabi'u. Ka zuba ido ta gefen dama."

Na bi yatsansa. Wani farin faifan tauraron ɗan Adam ne a kan bene. Dariyar da nake ta tarawa tun asuba ta gushe, tausayinsa ya kama ni. Na riƙe kafaɗarsa, na juya shi inda watan yake. Ya daɗe yana kallo.

"Akwai shi a nan?"

"Akwai, Baba."

Komawa

A bakin mota ya miƙo mini makulli, ya zagaya ya zauna a kujerar fasinja. Na ja, muka iso gida kafin azahar. Mun gode Allah da ya dawo da mu lafiya, mun gode wa Mansir. Ina kashe mota Baba ya ce, "Gobe ka raka ni wurin likitan nan. Ka riƙe mini hannu in za mu tsallaka titi."