Ƙurajen Saiwar Wake

Siddiƙu mutumin Ƙofar Rini ne, manomi ɗan manomi. Gonarsa tana bayan ganuwa, jigawa ce mai jan rairayi, ya gaje ta wajen ubansa tare da jaki guda. Ba shi da yawan magana, amma in ya ƙulla abu a ransa, kwancewa sai Allah. Yadda ya tarar ana noma haka yake yi: gero a kan kunya, in ya tasa a bi tsakaninsa da wake, da rani kuma ya yi ta jigilar taki daga cikin gari a mangala. Bai taɓa tambayar dalili ba, gona kuwa tana riƙe gidansa daga kaka zuwa kaka.

Da Nasara suka ci gari, sai al'amura suka soma sakewa. Manyan gidajen da yake kwasar kashin dawaki a bargarsu, wasu masu su sun yi gabas, wasu dawakin sun ƙare. Fulanin da kan sauka gonarsa da shanu bayan girbi suka canja hanya. Taki ya yi wuya, gero ya fara ramewa. Ana cikin haka agana ta shigo unguwa, ta ɗauke masa ɗiyarsa Habiba. Shi ya riƙe ta har ta cika, jikinta duk ƙuraje.

A kakar wannan shekara aka aiko a kai harawa bariki don dawakin soja, kuma da gaggawa. Da, da lauje yake yanka ta, ya bar saiwa a ƙasa. Ran nan don sauri sai ya shiga tumɓukewa. Ya ɗaga wata saiwa zai kakkaɓe, ya ga ƙananan ƙulle-ƙulle sun bi ta tun daga sama har ƙasa. Ya sha ganinsu bai kula ba, amma yau sai ya tuna ƙurajen Habiba. Ya kawo ta gida, ya jefa gaban matarsa Mariyatu.

"Ga abin da ka cin gonag ga," in ji shi. "Wake na ka sa ma ƙasa agana."

"Haba Malam," ta ce, "tun zamanin Baba ai haka saiwar wake take."

"Zamanin Baba gona ba ta ciwo. Ba a ƙara shibka min shi."

Haka kuwa aka yi. Damina bayan damina gero kaɗai. Maimakon sauƙi, abin sai gaba ya yi. Ganye ya riƙa yin rawaya tun daga na ƙasa yana hawa sama, kara ya sirance, zangarniya ba ta wuce tafin hannu. Ƙuduji, ciyawar nan mai kashe gero, ya fito ya yi jan fure ko'ina, kamar ana biki a gidan mutuwa. Rumbu ya riƙa ƙarewa tun ba a yi shuka ba. Siddiƙu ya karɓo laya ya binne a kusurwoyin gona, ya yi sadaka da ɗan abin da ya rage. Babban ɗansa Mode, wanda ya riga ya yi aure, ya roƙe shi a mai da wake ko kunya goma, ya ƙi. Suka yi cacar baki a tsakar gida, Mode ya tafi cin rani kudu da matarsa, damina ta zo bai komo ba. Shekarar da ta biyo, Siddiƙu ya saki rabin gonar ga maƙwabcinsa don a ba shi hatsi.

Wata damina aka ɗebi mazan unguwa aikin hanya wajen Wamakko, har da shi. Mariyatu ta ga ba tuwo ba miya, ta aro irin wake a ƙoƙo, ta shuka a gefen gona na yamma. Da ya dawo ya tarar waken ya yi yaɗo. Bai tumɓuke ba, don yunwa ta fi ƙarfin rantsuwa, amma ya daɗe ba ya cin abinci a gabanta.

Da shekara ta kewayo, geron da ya fito a wannan gefe ya bambanta da sauran. Ganyensa kore shar, karansa da kauri, alhali ko kashin akuya ba a zuba masa ba. Siddiƙu ya tsaya ya daɗe yana kallo. Ya ga wani wake da ya fito da kansa, ya tono shi a hankali, ya fasa ƙulli ɗaya da farce. Ya zaci ruɓa zai gani. Sai ya ga cikin ja-ja da danshi, kamar tsoka.

Masu ilmin ƙasa na yanzu sun ce wasu halittu ne da ido ba ya gani ke zaune a cikin ƙullin, suna jawo abincin shuka daga iska, in saiwa ta ruɓe su bar wa gero gado. Siddiƙu bai san wannan ba. Abin da ya gane kawai, abin da ya kora daga gonarsa shi ne ke ciyar da ita.

Ya koma gida ya zauna bakin ƙofa. "Mariyatu," ya ce, "waken naki da saura?"

"Akwai kaɗan, Malam."

"Ki aje shi iri."

Ya mai da wake, amma ƙasar da ta daɗe da yunwa ba ta ƙoshi da loma guda. Tana farfaɗowa a hankali, ƙarfinsa na tafiya da sauri. Ya ba fatake saƙo su gaya wa Mode ya komo gida, suka dawo suka ce ba su same shi ba. Tari ya kama shi da sanyin kaka, ya rasu ana cikin ɗaurin dami. Maƙwabta ne suka ƙarasa girbin, suka kai wa Mariyatu har gida.